ZARE: Yadda muryar tsohuwar talabijin ta iso tsakar gidanmu a Mungadi

1/
Zaren yau ya ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Magana ce kan sautin tsohuwar talabijin: me ya sa muryar su Samanja da masu karanta labarai na da take fita da wani amo da ba ka jin irinsa yanzu, kuma yaya mai haɗa sauti zai dawo da shi ba tare da ya yi shirme ba. 🧵

2/
Ga abin da ya jawo. Wani abokina na shirya ɗan gajeren fim da labarinsa ya faru a 1985. Akwai wurin da mutanen gida ke zaune suna kallon talabijin, ni aka ba aikin sautin. Na ce ai wannan aikin minti biyar ne. Na ɗauko wani shiryayyen tsari a manhajar da nake aiki da ita, na ɗora wa muryar, na ƙara ƙaf-ƙaf irin na faifan garmaho, na ce shi ke nan.

3/
Da na je gida Mungadi, na kunna wa Baba a waya ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce: "Wagga ba talabijin ba ta. Wanga awa mutum na magana cikin oba-oba ta 'yan sanda."

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. 😅

4/
Na ce to Baba, yaya take? Sai ya gyara zama. Ya ce akwatin baƙi da fari ne, na wani ɗan kasuwa a unguwarsu. Da batirin mota ake kunna shi, in ya mutu sai an kai shi caji Jega. Eriya kuma a kan dogon gora take, tana kallon Sakkwato. Wani dare hoto ya fito tas, wani dare sai yayyafi.

5/
Sai ya faɗi maganar da ta sa na koma bincike daga farko: "Hoton shi ka ɓacewa, amma murya tana nan. Mu rabin kallonmu da kunne munka yi shi."

Wato muryar da Baba ya sani ta yi doguwar tafiya kafin ta iso kunnensa, kuma kowane zango ya bar mata tabo. In ba ka san zangunan ba, ba za ka iya kwaikwayon ta ba.

6/
Bari mu fara da tarihi. Ranar 31 ga Oktoba 1959 aka buɗe WNTV a Ibadan, zamanin gwamnatin Obafemi Awolowo ta Yamma. Ita ce tasha ta farko a Najeriya. Gabas ta biyo baya a Enugu a 1960. Arewa kuma a 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe Rediyo Talabijin Kaduna ƙarƙashin BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI.

7/
Amma fa talabijin ba kamar rediyo mai gajeren zango take ba, da ke tsallake ƙasashe. Siginarta ba ta wuce inda doguwar hasumiyar tasha ke iya hangowa da nisa sosai ba. Abin da ake watsawa Kaduna ba ya isowa ƙasar Gwandu. Mutanenmu na Jega, Aliero da Maiyama sai da suka jira aka buɗe tasha a Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970.

8/
Ku tuna lokacin babu Jihar Kebbi. Daga 1967 muna cikin Jihar Arewa Maso Yamma, daga 1976 muna Jihar Sakkwato, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Kebbi. A 1977 kuma gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 24, ta tattara duk tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA. Daga baya jihohi suka sake buɗe nasu, kamar CTV ta Kano zamanin Abubakar Rimi.

9/
A wannan zamanin aka yi wasannin da iyayenmu ba su gajiya da labarinsu. Idon Matambayi daga Sakkwato. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi daga Kaduna. Karambana na Ƙasimu Yero. Karkuzu daga Jos. Kuliya Manta Sabo daga Kano. Ƙarfe tara na dare kuma kowace tasha ta NTA ta haɗe da Legas don labaran ƙasa.

10/
Tasha ma ba ta kwana tana aiki. Da yamma take buɗewa. Kafin ta buɗe, in ka kunna, sai ka ga hoton gwaji da wani dogon ƙara "tiiiii" da ba ya hawa ba ya sauka. Wannan amo ne na 1,000 Hz da injiniyoyi ke daidaita na'urori da shi. Da dare a rufe da taken ƙasa, sai "shhhh".

(Hz na nufin sau nawa sauti ke karkarwa a daƙiƙa ɗaya. Ƙaramin adadi kauri, babban adadi siranta.)

11/
Yanzu mu bi muryar zango-zango. Guda biyar ne: ɗakin ɗauka, kaset, iska, akwati, sai tsakar gida.

12/
ZANGO NA ƊAYA: ɗakin ɗauka.
Yau kowane ɗan wasa ana maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga, ko a sake ɗaukar muryarsa a situdiyo. A wasannin da, sau da yawa makirfo ɗaya ne a sama yana bin masu magana. Wanda ke kusa ya fito da ƙarfi, na nesa ya fito tare da amon ɗaki. Kana jin takun takalmi, kana jin motsin babbar riga.

13/
Shi ya sa 'yan wasan ke ɗaga murya kamar suna dandali. Kuma yawancin wasannin ba haddar rubutu ake yi kalma-kalma ba, ana ba su ƙashin labari ne su cike da bakinsu. Sai ka ji mutum biyu sun yi magana tare, wani ya yi tuntuɓe ya gyara, wani dariya ta kusa ƙwace masa. Wannan babu manhajar da za ta ba ka shi.

14/
ZANGO NA BIYU: kaset.
Sony ta fito da U-matic a 1971, kaset mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, kuma tashoshi da dama sun dogara da shi shekara da shekaru. Sautin yana kwance ne a wani siririn layi a jikin zaren. Yana zuwa da "sss" a ƙasan murya, kuma in an yi ihu sai ya ɗan dagule a hankali, ba ya fashewa tsatsa kamar na dijital.

15/
Kaset na da tsada, don haka ana goge shi a sake ɗauka a kai. Sannan in za a aika wa wata tasha shiri, sai a kwafa. Kowace kwafa na rage kaifin murya tana ƙara "sss". Ga zafi da ƙurar hunturu na cin kawunan na'ura. Gudun zaren ma ba daidai yake kullum ba, shi ya sa kiɗan buɗe shiri ke ɗan lilo kamar mai maye.

16/
Wani abu da 'yan zamaninmu ke ruɗewa a kai: yawancin tsofaffin bidiyon da kuke gani a YouTube da TikTok daga kaset ɗin VHS na gida aka ciro su. JVC ta fito da VHS a 1976. A tsarinmu zarensa na tafiyar kusan santimita 2.3 a daƙiƙa, alhali kaset ɗin rediyo na yin 4.76. Rabin gudu ke nan, shi ya sa sautinsa ya fi dushewa.

17/
Ma'ana, abin da kuke ji a intanet ya fi abin da su Baba suka ji a lokacin lalacewa. In fim ɗinka na nuna mutane na kallo kai tsaye a 1985, kada ka ba su sautin kaset ɗin da ya shekara 30 cikin akwatin ƙarfe. Kuskure na biyu da na yi ke nan.

18/
ZANGO NA UKU: iska.
Nan ne na sha mamaki. Sautin talabijin na wancan zamani FM ne, kuma yana iya ɗaukar amo har kusan 15,000 Hz. A tsarin PAL da Najeriya ta bi, yana tafiya ne a kan nasa siginar, 5.5 MHz sama da na hoto. Kwatanta da tarho, da ke tsakanin 300 da 3,400 Hz kawai.

19/
Kun ga inda Baba ya kama ni? Tsarin da na ɗora ya matse muryar ne kamar ta tarho, shi ya sa ya ce oba-oba. Sannan kun ga dalilin da hoto ke ɓacewa murya na nan: FM na da juriya. A wuri mai nisa da tasha kamar namu, hoto ya cika da yayyafi amma magana na fitowa, sai sigina ya yi rauni ƙwarai sannan "shhh" ya fara shigowa yana fita.

20/
Akwai tabo biyu na wannan zango. Na farko, tasha na ƙara ƙarfin siraran amo kafin ta watsa, akwati ya rage su daga baya. In mai labarai ya faɗi "s" ko "sh" da ƙarfi, sai harafin ya ɗan tarwatse. Na biyu, in farin rubutu ya fito a allo, wasu akwatunan sai su fara "bzzz". Hoton ne ke kutsawa cikin sauti.

21/
Na uku da za ka iya ƙarawa: na'urar da ke daidaita ƙarfin sauti da kanta. In kowa ya yi shiru, sai ta ɗauka murya ce ta yi ƙasa, ta ɗago komai, "sss" ɗin ya taso. Da an fara magana sai ya nutse. Kamar sautin na numfashi. Ku saurari tsohon shiri da abin kunne, za ku ji shi tsakanin jumloli.

22/
ZANGO NA HUƊU: akwati.
Duk kyawun da sautin ya zo da shi, nan yake ƙarewa. Lasifika ɗaya ce ƙarama, mono, a gefen allo, cikin akwatin roba ko katako. Ba ta iya fitar da kauri, ba ta iya fitar da siranta sosai. Tsakiyar murya kawai take turowa. In an ƙure ƙara don na baya su ji, jikin akwatin ma ya shiga karkarwa.

23/
Sai gurnanin wuta. Wutar lantarkinmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar ta Turai. Ta Amurka 60 ce. Wasu shiryayyun tsarin da muke saukewa daga intanet a kan 60 aka gina su. Kunnen da ya tashi da fanka da firij na Najeriya zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne.

24/
Akwai kuma kukan sauro. Allon talabijin ɗinmu layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa. Ku ninka: 15,625. A daidai wannan adadi wata taransifoma cikin akwatin ke karkarwa, tana fitar da siririn "iiii". Ba daga lasifika yake fitowa ba, ko ka kashe ƙara yana nan. Na Amurka 15,734 ne.

25/
Na tambayi Baba ko ya san shi. Ya ce sosai, tun daga zaure suke gane an kunna akwati kafin su ji magana. Na haɗa amon a kwamfuta na kunna masa. Ƙanwata ta toshe kunne ta gudu. Shi kuwa yana kallona yana jiran in kunna. Shekaru sun ɗauke masa wannan ɓangaren na ji. Jikina ya yi sanyi wallahi.

26/
ZANGO NA BIYAR: tsakar gida.
Babu wanda ya ji talabijin a ɗaki shiru shi kaɗai. An ɗora akwatin kan teburi a waje, yara a ƙasa, manya kan tabarma da benci. Murya na dukan katangar ƙasa tana dawowa a taushe, sama kuma a buɗe. Gyare na kuka, da damina kwaɗi na nasu, wani na tari, wata na kiran ɗanta.

27/
To yanzu yaya ake haɗa shi? Ga yadda na yi a karo na biyu. Duk ana iya yi da Audacity, kyauta ce, ko FL Studio, ko Reaper. Adadin da zan faɗa wurin farawa ne kawai, kunnenka ne alƙali. Sharaɗi ɗaya: bi zangunan a jere yadda muryar ta bi su.

28/
Fara da ɗauka. Janye makirfo daga bakin mai magana kamar taku ɗaya ko biyu, a ɗaki mai ɗan amsa amo. Ka ce ya ɗaga murya, ya rage gudu. In mai labarai ne, ya yi Hausar aikin jarida ta da, mai nauyi. In ɗan wasan Sakkwato ne, ya yi Sakkwatanci na gaske. Sannan ka mayar da komai mono, har kiɗan.

29/
Sai kaset. Ɗan dagula muryar kaɗan, ka sa lilon gudu ƙanƙani wanda sai a kiɗa ake gane shi, ka rage abin da ya haura 10,000 Hz. Zuba "sss" a ƙasa.

Muhimmi: sa "sss" ɗin KAFIN kwamfuresa, ka bar ta tana saki a hankali. Haka ne zai riƙa tasowa lokacin shiru yana nutsewa lokacin magana. In ka sa shi daga baya zai kwanta shamɓal kamar an liƙa.

30/
Sai akwati. A ikwalaiza nakan yanke ƙasa da 150 zuwa 200 Hz, in ɗan ɗaga tsakanin 1,000 da 3,000, in fara saukar da sama daga wajen 6,000 a hankali. Kada ka datse a 3,400, nan ne oba-oba take. Gurnanin wuta kuma, lasifikar waya ba ta fitar da 50 Hz, don haka sa 'ya'yansa: 100, 150, 200, can ƙasa-ƙasa.

31/
Amma tsaya. In akwatin fim ɗinka da batirin mota yake aiki kamar na su Baba, gurnanin wutar NEPA bai da wurin zama sosai. In da janareta ne, gurnanin ba ya tsayawa cak, yana ɗan hawa da sauka tare da injin, kuma ana jin injin daga bayan gida. Tambayi labarinka wace wuta gidan ke da ita.

32/
Kukan sauro na 15,625 kuwa, ni cire shi na yi. Manya ba za su ji ba, yara zai dame su, masu abin kunne za su tsine maka. In dole ne, sa shi na daƙiƙa biyu lokacin da aka kunna akwatin, ka janye.

Ƙaf-ƙaf na garmaho kuma a goge shi gaba ɗaya. Wannan na allura da faifai ne, ba ruwansa da muryar da ta zo ta eriya.

33/
Dabarar da ta fi duka aiki ba a kwamfuta take ba. Na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Jega, ya ciro mini lasifika daga mataccen akwati, ya jona mini ita da ƙaramar amfilifaya. Na kai ta tsakar gidanmu bayan isha'i, na kunna muryar ta cikinta, na ajiye makirfo inda mai kallo zai zauna, na sake ɗauka.

34/
Ba ni na ƙirƙiro ba. Walter Murch, wani gwanin sauti na Amurka, ya shahara da wannan dabara tun fim ɗin American Graffiti na 1973: kai sauti wurin da ya kamata a ji shi, ka bar wurin ya yi masa aiki. Bambancin kawai, shi ba shi da katangar ƙasa da gyaren Mungadi. 😄

35/
Yanzu maganar da ta fi damuna. Duk wannan kwaikwayo ne. Na asalin fa yana ina? Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamba 2023. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Allah ya jiƙansu. Ku nemi wasanninsu a intanet ku ga abin da za ku samu: gutsattsari, idan aka kwatanta da shekarun da suka yi suna aiki.

36/
Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. BBC da kanta ta goge tsofaffin shirye-shiryenta da yawa. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirinta Doctor Who na shekarun 1960 da suka ɓace. Kun san inda aka same su? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Bature ya biyo sawun kayansa har Filato. Mu wa ke bin sawun namu?

37/
Siginar da ta ɗauko waɗannan muryoyi ma tana kan hanyar tafiya. An fara sauya watsa talabijin zuwa dijital a Jos a 2016. Gidaje sun koma tauraron ɗan'adam da waya. Na'urorin da ke karanta U-matic da VHS an daina ƙera su, masu gyaransu na tsufa. Kaset kuma ba ya jira, zafi da laima na cin sa ko an kunna ko ba a kunna ba.

38/
Abin da ke cikin kaset ɗin ya wuce wasa da dariya. Akwai yadda Basakkwace ke magana a 1980, yadda ake gaida sarki, karin maganar da ta fita daga bakin mutane, kiɗan makaɗan da ba su bar faifai ba. Har kaset ɗin biki da na sallah da kawunka ya ɗauka, tarihin garinku ne.

39/
Don haka roƙona uku.
Ɗaya: duba akwatunan gidanku. In ka ga kaset, kada ka jefar.
Biyu: in ka ga farin abu kamar gari a jikin zaren, rima ce ta kama shi, kada ka cusa shi a na'ura, nemi wanda ya san aikin.
Uku: in an mayar da shi dijital, ajiye kwafi ɗaya yadda ya fito, da "sss" ɗinsa da komai. Gyara a kan wani kwafin daban.

40/
Ga 'yan uwana masu haɗa sauti kuma: in ka tsufar da murya da hannunka, rubuta cewa haɗawa ka yi. Zamanin da ake ƙirƙirar muryar mamaci da kwamfuta, ɗan "sss" kaɗan ya isa ya sa mutane su rantse tsohon faifai ne. Kada gwanintarka ta zama hanyar sa wa wani dattijo maganar da bai faɗa ba.

41/
Na koma wa Baba da sabon haɗin. Wannan karon bai miƙo wayar da wuri ba, sai da ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce ta yi, saura abu guda: babu mai ihu daga ciki yana ce wa na waje ya juya gora.

Washegari na sa ƙanena ya tsaya bayan katanga ya yi ta kwarara "Juya! Koma baya kaɗan! Tsaya nan!" Yana cikin fim ɗin yanzu.

42/
Nan zan tsaya. Ku tambayi iyayenku wane shiri suka fi tunawa, a gidan wa suke kallo, da wace wuta ake kunna akwatin, ku ajiye mini amsar a ƙasa. Wanda kuma ke da tsohon kaset a Jega, Aliero, Maiyama ko Birnin Kebbi ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu ga yadda za a ceto shi.

Allah ya ba mu alheri. Sai da safe. 🙏🏾